Ƙafar Agwagwar Sai-Gobe

Ɗan ƙanena mai rubuta allon shago ne, kuma tun yana saurayi unguwa ta raɗa masa Sai-Gobe. Wani mai aski ya taɓa ba shi aikin allo, kafin ya gama zana almakashi mutumin ya bar aski ya koma sayar da katifa. Haka ya shekara ashirin a ɗaki mai warin fenti, burushi a bayan kunne, yana ba mutane haƙuri.

Abu ɗaya na san yana gamawa a kan lokaci. Autarsa da aka haifa, ƙafar hagu ba ta kai ta dama ba, sai da takalmi mai tudu take tafiya. Ranar da aka sa ta makaranta yara suka bi bayanta suna kwaikwayonta, ta dawo ta ce ita da makaranta har abada. Uban ya juya bayan kalanda ya zana mata agwagwa mai ɗingishi, wadda kullum ita ce ta ƙarshen isa rafi, amma ita ke tsintar abin da masu sauri suka zubar a hanya. Kowace safiya sabon zane, sai ta gani take yarda a ɗaura mata takalmin.

Ana haka aka zo da abin nan da suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ka faɗa wa na'ura abin da kake so, kafin ka kurɓi ruwa ta zana, ta sa ya motsa, har da murya. Sai-Gobe ya tura gwangwanayen fenti ƙarƙashin tebur, ya zama mai shirin katun na yara, agwagwar ce tauraruwa. Mutumin da ko gaisuwa sai ya ja ta, shi ne ke sakin sabon shiri kullum kafin rana ta karkata.

A ƙarshen kowane shiri masu kallo ke jefa ƙuri'a a kan abin da zai faru gobe. Wai yara ne ke zaɓe. Na ce masa wane yaro ne da waya, iyaye ne dai da 'yan zaman kashe wando. Suka zaɓa wa agwagwa baƙin tabarau. Suka ɗora ta a babur. Wata rana suka tura ta duniyar wata, ta dawo da kada a matsayin direba. Duk abin da suka ce, sai ya dafa ƙirji ya ce shi bawan jama'a ne. Ita ma na'urar da nata ra'ayin. Kullum sai ta miƙe wa agwagwa ƙafa, don a ganinta kuskure ne, shi kuma ya zauna yana lallashinta ta mayar.

Sai wani mai tausayi ya rubuto cewa baiwar Allah agwagwa ta wahala, a kai ta asibiti a gyara ƙafar. Tara cikin goma suka ce a gyara. Matar Sai-Gobe ta ce kada ya kuskura. Ni ma na aika masa cewa in ya yi, ya riƙe gaisuwarsa. Ya ce alkawari ya ɗaukar wa masu kallo, mutum dubu arba'in. Aikin bai ci minti uku ba, dama abin da na'urar ke jira ke nan.

Ina gidan aka kalla. Agwagwa ta fito daga asibiti tana taku kamar soja a fareti, kaji suna yi mata tafi. Auta ta kalla har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dubi uban.

"Baba, ni yaushe za su zaɓa a gyara tawa?"

Washegari aka nemi takalmin aka rasa, sai a kwandon shara aka tsince shi. Makaranta kuwa, Auta ta ce a gaishe su.

Sai-Gobe ya zo wurina yana murza hula, wai Gwaggo yaya zai yi, in ya mayar da ɗingishin jama'a za su watse.

Na ce, "Cikin dubu arba'in ɗin nan, wa ka taɓa durƙusawa ka ɗaura wa takalmi?"

Ya koma ya umarci na'ura ta mayar. Ta ba shi agwagwa mai sanda. Ta ba shi mai ƙafa uku. Amma ɗingishin Auta, wanda kafaɗa ke ɗan sauka kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ta kasa kamo shi. Sai ya jawo gwangwanayensa, ya jiƙa burushin da ya bushe, ya cire kalandar bango ya juya ta.

Auta ta daɗe tana duban zanen. Ta ce bakin ya karkace, kuma ina tabarau. Sannan ta zauna a bakin gado ta miƙo masa ƙafar hagu.

Masu kallo sun yi mako suna zagi suna tambayar ina shiri. Amsar da ya fi gwanancewa a kanta ya rubuta musu: sai gobe. Yanzu ya koma ɗakin fenti. Akwai allon wani mai gyaran waya jingine a can wata biyu, an rubuta rabin sunan.