Muryar da Muka Ƙona a Erdington

A wannan watan ƙanwata Saratu ta cika shekara tara a ƙasa. Duk shekara nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kanta, in sake ajiyewa, don abin da ke bakina ba irin wanda ake karantawa a taron tunawa da mamaci ba ne. Bana dai na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya tunzura ni kuwa hoton talla ne a jikin bas, a babban titin unguwar Erdington da ke Birmingham: 'yan matan katun ɗin nan su biyar sun dawo silima, kowace riƙe da sandarta mai walƙiya. Na tsaya a bakin titi da ledar cefane a hannu, ina kallonsu.

Wanda bai yi renon 'ya mace a ƙasar nan ba, bari in gaya masa ko su waye. Shiri ne na yara da ake nunawa a talabijin. 'Yan makaranta ne, idan dodo ya afka wa gari sai kowace ta ɗaga sanda ta yi juyi, kayan makarantarta su rikiɗe su koma na ado, su tafi yaƙi. Da shirin ya karɓu sai aka riƙa fitar da dogayen finafinansa, a nuna a silima, daga baya a sayar a faifai. Ni tun farko ban ga abin kallo ba. Idanu kamar faranti, ƙafafu kamar sillen kara, ga ihu ba ƙaƙƙautawa.

Saratu aikin kula da tsofaffi take yi, 'yarta ɗaya tal, Tabita. Yarinyar na shiga makaranta ta fara amsa wa uwarta da Turancin Birmingham, abin ya tsaya wa Saratu a rai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi duka ba, dabara ta yi. Duk Asabar da safe sai ta sa faifai, ta kashe muryar talabijin ɗin, ta zauna dirshan a ƙasa ta riƙa yi wa 'yan katun magana da Hausa. Ta raɗa musu suna: mai jan kaya Ladi, mai shuɗi Talatu, sai Larai, Lami da Jummai. Sandar nan kuwa ta ce muciya ce, har ta ɗauko tsohuwar muciyarta ta naɗe da ƙyallen atamfa ta ba Tabita. Dodon kuma da muryar kawunmu na ƙauye yake magana, har da tarinsa. Idan mai jan kaya za ta yi juyi, sai ka ji uwa da 'ya sun haɗa baki: "Ladi, ɗaura ɗamara, aiki ya samu!"

Ta haka Tabita ta iya Hausa, har da karin magana da tatsuniyoyin kakarmu, don Saratu duk cusa su take yi a bakin Ladi. Ni kuwa idan na zo na tarar da su sai in yi tsaki in ce, "Saratu, ke da girmanki?" Ita kuma ta ce, "Yaya, zauna mana ki yi mana Talatu, ai ita ma masifaffiya ce irinki." Ban taɓa zama ba. Kicin nake wucewa in rufo ƙofa.

Ciwon daji ne ya ɗauke ta, Tabita na da shekara goma. Mako guda bayan jana'iza matan cocinmu suka zo gidan don a tattara kayan mamaciya, kamar yadda muke yi a gida. Tabita na makaranta. Bulus, mijin Saratu, yana zaune a kujera kamar an dasa shi, ko an yi magana ba ya ji. Babbarmu a cikin matan, wadda zan kira Mama Rifkatu, ita ce ta hango akwatin fayafayan a ƙarƙashin talabijin, da muciyar a kai. Ta ɗaga faifai ɗaya da yatsu biyu, ta ce, "Kun gani ko? Tsafi tsirara a cikin gidan masu bi! Maman Tabita da hannunta ta buɗe wa Shaiɗan ƙofa, sannan a ce wai likita ne bai gano ciwo da wuri ba." Sauran suka amsa da salati irin namu, aka yanke cewa sai an ƙona kafin yarinya ta dawo.

A nan ne nake so mai karatu ya san da wa yake. Ba wanda ya murɗe mini hannu. Ni na sunkuya na ɗauki akwatin, ni na fita da shi. Kuma ko a ranar ban yarda tsafi ba ne, na san shirme ne kawai na yara. Tsoro na ji kada a ce yayar ma da ita a ciki, ga kuma tsohon haushin da nake ji na katun ɗin. Abin da ya sa ke nan, ba wani imani ba.

A ɗan filin da ke bayan ginin muka yi aikin, a kan murhun ƙarfen da Saratu ke gasa mana nama da rani. Wanda bai taɓa jin warin roba na ci da wuta ba, kada Allah ya nuna masa. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe, robar na narkewa tana ɗiga ta tsakanin ƙarafan da muke cin tsire a kai, mata na waƙar yabo suna tari, majina na zuba. Maƙwabciya Baturiya ta leƙo ta saman katanga tana ihun za ta kira council, wato hukumar gari. Ta taga kuma ina hango wata daga cikinmu, wadda ta ce asma ba za ta bar ta ta fito ba, tana zaɓen atamfofin Saratu masu tsada tana turawa a jaka. Su ba tsafi a jikinsu. Muciyar ce kaɗai ta ci wuta da kyau. Kwana uku warin na cikin gashina, har yau kuma ba na iya cin naman da aka gasa a irin wannan murhun.

Bayan mako biyu wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, wata ɗaliba Musulma da ta zauna a unguwar Selly Oak, sun yi aiki tare da Saratu kafin ta gama karatu ta koma gida. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Anti Rahila, kun ba Tabita fayafayan?" Na ce waɗanne? Sai ta ba ni labari. Ashe a watannin jinyar, duk ranar da Saratu ta ji ɗan ƙarfi sai ta hau bas zuwa Selly Oak, su zauna a ɗakin Hadiza tana ɗora muryarta a kan finafinan, guda shida, daga farko har ƙarshe. Hadiza ta zuba su a fararen fayafayai, Saratu ta ɓoye kowane a bayan na ainihi a cikin kwalinsa, don 'yarta ta tarar da su da kanta. Na tambayi kwafi, ta ce kwamfutar ta jami'a ce, ta mayar tuntuni, an goge komai. Na ce me ya sa Saratu ba ta gaya mini ba? Hadiza ta ce, "Cewa ta yi kada a faɗa miki, za ki yi mata dariya."

Da na sani ƙeya ce. Tabita kuwa ce mata na yi akwatin ya ɓata a wajen kwashe kaya, kuma na riƙe ƙaryar nan shekara tara. Ina kallo Hausar yarinyar ta riƙa zagwanyewa, don ubanta kullum yana wajen aiki, ni kuma duk ranar da na buɗe baki zan koya mata sai in ji kunyar kaina. Yau daga "ina kwana" sai "na gode".

To ga abin da ya ƙarasa cika ni. Makon da sabon fim ɗin ya fito, sai ga hoto a rukunin wayarmu na matan coci: Mama Rifkatu a ƙofar silima, ta rungume jikarta, yarinyar sanye da kayan Ladi mai jan kaya tun daga kai har ƙafa, ga sanda a hannu. Aka yi ta turo mata fatan alheri. Ranar Lahadi bayan sujada na tare ta, na ce, "Mama, ashe yanzu ba tsafi ba ne?" Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Haba Rahila, ai cartoon ne kawai, it's for children. Ke ba kya mantuwa ne?" Na so in tofar da yawu, sai na tuna laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita baki ta sa, hannun nawa ne.

Nakan tambayi kaina me Saratu za ta ce da ta ga wannan hoton. Na san ta, dariya za ta yi har da riƙe ciki, gobe kuma Dodo ya tashi da muryar Mama Rifkatu. Ita ba ta iya riƙo ba. Ni ce dai abin ke ci.

Tabita tana jami'a a Manchester yanzu, tana zaune a Withington. Ita ta kira ni, ta ce tana so ta kalli sabon fim ɗin saboda mamanta, amma ba ta so ta je ita kaɗai. Na hau jirgin ƙasa na je, muka shiga kallon rana. Fim ɗin ya fi na da muni. An ƙara ramar da 'yan matan, an shafe su da ƙyalli, kowane minti biyar an fito da sabuwar sanda ko sabon takalmi, ka san kawai kasuwa ake ci da iyaye. Ga shi a silima ba a kashe murya. Ina cikin ƙunci har mai jan kaya ta ɗaga sanda za ta yi juyi, sai na ji raɗa a gefena: "Ladi, ɗaura ɗamara, aiki ya samu." Da karin harshen Saratu sak, har yadda take jan ƙarshen maganar.

A kicin ɗin gidan da take zaune na gaya mata komai, da murhun, da Hadiza, da hannun da ya ɗauki akwatin. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Nine years, Anti." Can sai ta ciro wayarta ta ajiye a kan tebur, ta danna wajen ɗaukar murya, ta ce mini da Turanci ai ni ma na ji mamanta tana yi, in fara daga Ladi in faɗi duk abin da na tuna.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Na zauna na matse ƙwaƙwalwata, na yi tarin kawu, na yi kirarin da Jummai ke yi wa muciyarta, na kawo rabin wata tatsuniya na kasa ƙarasawa. Wannan shi ne abin da ya saura na Saratu a duniya: jimla ɗaya a bakin 'yarta, da ɗan abin da ya tsallako ta ƙarƙashin ƙofar kicin ya shiga kunnen yayar da ta ƙi zama. Da na ƙare Tabita ta duba wayar ta juyo mini da ita. Finafinai shida ƙanwata ta yi da sauran numfashinta, ni kuma abin da na iya dawo wa 'yarta da shi minti huɗu ne.