Bindigar Kafili da Likkafanin Inna

Maigidana gyaran keken ɗinki yake yi a unguwar Nuzla a Jidda, idan kasuwa ta ja baya ya haɗa da gyaran risho. Yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa tsiya a kanta: ba ya mayar da aiki sai ya gwada. Ko allura ya canja wa keke, sai ya nemo ƙyalle ya taka, ya karkata kai yana sauraron ƙarar. Rabin tsummokaran gidana a haka suka ƙare.

Gidan namu na katako ne da kwano, ɗaki biyu, allo ɗaya ya raba su, kaurinsa bai wuce yatsa ba. A ɗaki na biyu mahaifiyarsa take, muna ce mata Inna. Daga Sudan ta zo aikin hajji, ta ce ita kam ta iso, ba inda za ta. Ba ta da iƙama, wato izinin zama, ba ta da ko guntuwar takarda. Burinta ɗaya ne, a binne ta a ƙasar nan. Likkafaninta ma na nan cikin adakar ƙarfe a gefen matashinta, ta wanke shi da ruwan Zamzam ta ninke. Mun sani sarai, duk ranar da askar, wato ɗan sanda, ya leƙa gidan nan, jirgin ruwa za a sa ta zuwa Bur Sudan. Shi ya sa ko faɗa za mu yi, a hankali muke yi.

Wata rana bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da unguwa, kafilin maigidana, ɗan ƙasar da ya tsaya mana a takardun zama, ya yi sallama. Bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ina bayan labule na ga ya kwance hankici a kan tabarma, sai ga ƙaramar bindiga baƙa, irin mai gidan harsashi a cikin mariƙinta.

"Ya usta, aikin minti biyar ne," in ji shi, don haka suke kiran mai sana'a. "Katakon mariƙin ke rawa, bas. Ba na so in kai ta kasuwa."

Ya zare gidan harsashin ya jefa a aljihun riga, ya ce, "Ka gani, babu komai a ciki, halas. Bayan la'asar ina zuwa."

Maigidana ya ce, "Hadir, ya ammi," wato an gama, baba. Me zai ce? Mutumin da sa hannunsa ke riƙe da zamanmu.

Yana fita na fito. Raina ya riga ya ɓaci.

"Malam, bindiga a gidan baƙo? Da Inna a ciki?"

"Yi a hankali mana. Sukuru biyu ne."

"To bi shi ka ce ba ka iya ba."

"Shekara nawa ina gyara wa matarsa keke? Ya san na iya."

Na ja sakatar ƙofa, na zauna a kan turmi ina kallonsa. Ya ɗauko ƙaramar sukudirebarsa ta keke, ya kwance, ya hura, ya goge da man keke, ya mayar ya ɗaure. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Duk takun da na ji a lungu sai na dubi ƙofa. Mai jakin ruwa ya wuce yana kira, na ƙi amsawa, alhali randarmu ta kusa ƙafewa.

Ya girgiza bindigar kusa da kunne. Shiru, ba ta rawa. Na ce alhamdu lillahi, naɗe ta. Sai na ga ya karkata kai, irin karkatawar nan da na sani. Ya riƙe ta yadda ake riƙewa, don ya ji ko mariƙin ya zauna a tafin hannu, yatsansa ya sami kunamar. Na buɗe baki ke nan ta tashi.

Ashe irin wannan bindiga ko an cire mata gidan harsashi, ɗaya kan saura a cikin bututu. Mu ba mu sani ba. Mai ita kuwa ko ya manta ne, ko bai damu ba, har yau ban yafe masa ba.

Kunnuwana suka toshe. Da hayaƙin ya ɗan washe na ga huda a jikin allon, daidai inda Inna ke kwanciya. Maigidana ya kasa tashi, bakinsa kawai ke motsi. Ni na shiga ɗakinta.

Tana zaune a kan shimfiɗa, carbi a hannu. Adakar ta huje a gefe, tsakaninta da matashin bai fi taƙi ɗaya ba. Ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, mutane za su zo."

Sun kuwa zo. Kafin a fara buga ƙofa na tura bindigar cikin buhun gawayi, na hankaɗe wani risho da aka kawo gyara, kananzir ya malale ɗakin. Na buɗe ina cewa risho ne ya fashe, risho ne. Mata sun cika lungun, wata tana cewa a kira askar ɗin da ke tsayawa bakin titi, ko wuta ta kama.

Maƙwabcinmu dattijo, wanda ya yi aikin soja a Sudan, ya ratso su ya shigo. Ya shaƙi iskar ɗakin sau biyu. Ya dubi rishon, wanda ko lotsawa bai yi ba, ya dubi hudar allon, ya dube ni. Na ce a raina shi ke nan, Inna ta tafi.

Ya juya bakin ƙofa ya ce, "Risho ne, salamat. Yalla, kowa gida, ku bar su su share." Da suka watse ya rage murya ya ce wa maigidana, "Ɗana, wannan rishon kada ya kai magariba a gidan nan."

Kafili ya zo bayan la'asar. Maigidana ya faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Allah ya tsare," ya girgiza bindigar, ya ce, "Mumtaz, ta daina rawa." Ina bayan labule na cije gefen mayafina, don da na saki bakina da mu ma mun hau jirgin.

Washegari Inna ta sa na buɗe adakar. Harsashin ya ratsa ninkin ya tsaya a can ƙarshe. Da muka warware likkafanin, huda tara muka ƙirga, a jere. Maigidana ya durƙusa yana kuka, ya ce zai sayo sabo, ya kai Makka da kansa ya wanke. Ta ce a'a, wannan da hannunta ta wanke shi a makon da ta fara ganin Ka'aba, da shi za ta tafi. Ta miƙo mini.

"Ke za ki ɗinke, da hannu. Kada ki ba shi ya sa a kekensa, zai ce sai ya gwada."

Na yi dariya hawaye na zuba. Kwana uku na yi ina ɗinkin.

Ta ƙara shekara huɗu tare da mu, askar bai taɓa leƙo mu ba. A nan Jidda ta rasu, a nan aka binne ta, yadda ta so. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Da muka zo naɗe ta, na ga ɗinkina guda ya sauka daidai gefen kanta, kusa da kunne. Na sa yatsa na shafa shi ya kwanta, sannan na ce su ɗaure.