Itatuwan Gonar Baba a Doguwa

Bebeji

Ana idar da sallar asuba na hau acaɓa. Yayana Sale ne ya kira ni: masu gawayi sun taya itatuwan gonar marigayi mahaifinmu a Doguwa, kuma ba zai sayar ba sai na zo.

Kwanar Dangora

A nan ƙasar Kiru na sha koko da ƙosai kafin mota ta cika. Buhunan gawayi jibge a bakin titi. Direba ya ce kirya ce da marke, duk daga inda za mu ake kawo su.

Tudun Wada

Jami'an tsaro suka leƙa motar a shinge, suka ce mu wuce. Can gaba muka shiga dajin Falgore. Muna yara, in mota ta kawo nan, sanyi ke fara gaya mana, Baba yana nuna mana birai ta taga. Yanzu a wasu wuraren kututture kawai na gani.

Doguwa

Bayan tuwon masara, Yaya ya kai ni gona. Ɗorawar da muke shan garinta tana nan, da kaɗanyar da Inna ke tsintar 'ya'yanta. Ya ce inuwarsu tana cinye masa masara, ga iyali sun ƙaru. Ban ga laifinsa ba.

Ya kuma gaya mini malaman gandun daji sun zo garin. Sun ce itace na zuƙe gurɓatacciyar iskar da ke ƙara zafin duniya, ya adana ta a jikinsa da saiwarsa. In an ƙone shi, sai ta koma sama. Shawararsu a rage rassa, a bar kututture ya tofo.

"To, Yaya, mu rage rassan," na ce. "Abin da inuwa ta ci, ka ɗebe a rabona."

Ya daɗe yana kallon ɗorawar. "Baba ma da hannu yake nome gindinta," in ji shi. "Bai taɓa bari garma ta matso ba."

Da safe shi da kansa ya sallami masu gawayin, ya ce ba zai sayar ba.

Na iso Bebeji da la'asar, da ƙullin daddawa daga matar Yaya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yaya da ya jira ni.