Dogon-Hanci, Motar Kakanmu

Shekarun da aka fara sako ruwa a magudanan Kadawa, ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ya canza kama. Da rani ma gonaki shar suke, nan alkama can tumatir, kwaɗi na kuka tun la'asar sakaliya, sauro kuwa ya samu wurin zama. Saboda sauron ne kakarmu, Iya, take hura wuta a ƙofar ɗakinta da an idar da sallar magariba, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya ya yi ta hayaƙi. Mu jikokinta mu kewaye ta da kwanukan tuwonmu, idanu na yi mana yaji. Ni nake zama daf da gwiwarta, don sunanta na ci, Takwara take kirana.

Iya ta iya tatsuniya, ta kura da ta zomo duk mun sha ji. Amma akwai labari ɗaya da ba ta bayarwa sai ranar da motocin tumatir suka yi ta wucewa ta bayan gida. Sai ta gyara itace, ta ce, "Ku matso ku ji wata. Wannan kam ba ƙirƙira ba ce, da idona na gan ta."

Labarin mijinta ne, kakanmu Malam Haladu, wanda ya rasu ina goye. Ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce "mai motar".

Ta ce a zamanin gyaɗa akwai wata irin mota da ake kawowa daga ƙasar Turawa, gabanta dogo, bayanta na katako. Sunanta ya gagari bakin mutane, sai suka sa mata Dogon-Hanci. Duk tashar da ka shiga a Kano, daga ita sai ita. Kakanmu yana saurayi ya sayar da shanun da ya gada ya sayi ɗaya, dangi suka ce ya haukace. Ba a jima ba masu cewa ya haukace suka koma jiran ƙugin motarsa da hantsi. Ta kai gyaɗa birni, ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ta kai masu naƙuda asibiti.

"Da kunne yake gane ciwonta," in ji Iya, tana 'yar dariya. "Ni sai na kwana uku da zazzaɓi bai lura ba. Ita kuwa ta yi tari sau ɗaya, ya shige ƙarƙashinta da farar rigarsa."

Ana nan sai wasu motoci suka shigo daga wata ƙasar, ga gudu ga ƙarancin shan mai. Direbobi suka riƙa komawa kansu ɗaya bayan ɗaya. Kayan gyaran Dogon-Hanci suka fara wuya. Wata rana kakanmu ya je wajen mai shagon da ya saba saye a Kano, mutumin ya ce masa, "Malam, masu ƙera motar nan sun rufe masana'antarsu. Ko kusa ɗaya ba za ta sake zuwa ba. Ka rabu da ita ka huta."

Ya ce, "Tun ina da baƙin gemu take ciyar da gidana. Yanzu don ta tsufa sai in ce ban san ta ba?"

Daga nan ya shiga bin matattun motoci irinta. Ya ji an yar da wata a Dawakin Kudu, ya je ya kwanto abin da zai kwanto. Ya ji ta Kumbotso ta mutu, ya bi. Abin da ya rasa ya kai wa maƙeri ya kwaikwaya masa. Har ta kai a duk yankin tasa kaɗai ta rage a kan hanya.

Shekarar da tumatir ɗin rani ya fara yin albarka, manoman unguwarmu suka ce ba za su tsallake dattijonsu su ba baƙo kaya ba. Iya ta ce ta roƙe shi a ɗaki, "Malam, kayan nan ba gyaɗa ba ne, ba ya jira." Ya ce mata motar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Aka shaƙe ta da kwanduna, ta tashi tana nishi.

Kafin ya kai Kumbotso ƙarfen da ke juya tayoyin baya ya karye. Motocin da ke wucewa duk cike suke da nasu kayan. Ya shiga birni ya zagaya shaguna, babu. Kwana biyu motar na tsaye a rana. Tumatir ya narke, jan ruwa na ɗiga ta ƙasan katako, ƙudaje sun rufe kwanduna. A rana ta uku shanun noma ne suka jawo ta gida, shi yana biye a ƙafa.

Nan muryar Iya take yin ƙasa, sai mun matsa muke ji. "Da manoman sun zage shi, da ya fi masa sauƙi. Sai suka zo suka durƙusa, suka ce, Malam, ba komai, haka Allah ya so. Mako na zagayowa sabuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan nan ana loda mata kwanduna. Kowa ya zo wucewa ya gaishe shi da ladabi, ya sunkuyar da kai."

Bai sake taɓa sitiyari ba. Bai ga wata daminar ba. Motar kuwa maƙera suka yanyanka ta, ta zama fartanya da murhu.

Na taɓa tambayarta, "Iya, me ya hana shi sayen sabuwa?"

Ta ce, "Ya gwada tuƙa ta wani sau ɗaya, Takwara. Ya dawo ya ce ba ya jin abin da take cewa." Sai ta goge ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne, mu tashi an kira isha'i.

Na girma ina ɗauka labarin gargaɗi ne a kan taurin kai. Na yi makaranta, na koyi buga tafireta, na yi shekaru ina aiki a wani ofis a Kano, har ana cewa babu mai saurin hannuna. Sai aka kawo kwamfuta. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya gaya mini baƙar magana. Kullum da safe ma'aikata sukan tsaya a bakin teburina su ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" sannan su wuce da takardunsu ɗakin gaba.

Lokacin Iya ta daɗe a ƙasa, babu wanda zan gaya wa na gane. Ranar da aka ɗauke tafiretar aka kai ta sito, na koma gida na rufe ƙofa, na yi wa mutumin da ban ma san fuskarsa ba kukan da ban taɓa yi wa kowa ba.