Ƙofar da Na Toshe da Hannuna

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zai taɓa fita raina ba, ba sai na yi dogon tunani ba: ranar da na dawo daga garin Waca na tarar an huda mini bangon gida ce. Na ga abubuwa da yawa bayan nan, na yi rashi, na aurar da jikoki, amma wannan rana tana nan a idona kamar jiya.

Zamanin Nasara ne, lokacin da gyaɗa ta ɗaga garinmu Magariya. Da kaka ta yi sai gari ya cika ya batse: masu awo, 'yan dako, masu tuƙa manyan motoci, maɗinka daga Kano da Daura, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Mu da can ba mu san haya ba. Baƙo ya zo ka sauke shi, in ya tashi tafiya ya ba ka na goro, shi ke nan. Gyaɗa ce ta koya wa mutane sayar da inuwa. Har ɗakin harawa sai a share a sa mutum. Da idona na ga wanda ya fitar da jakinsa waje ya sa maɗinki a wurin.

Ni kuwa maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana da gida mai zaure ɗaya kusa da kasuwa. Ɗakunan da ke jikin bangon hanya su ne gonata, da su nake ci da marayun nan. Dokata ba ta da yawa: mai shiga da mai fita, kowa ya bi ta zaure. Nan bakin ƙofar ciki nake shimfiɗa tabarmata ina kaɗi, ba wanda zai wuce ban gan shi ba. 'Yan unguwa suna ce mini mai ido. Ban taɓa jin haushi ba, don ban ga laifin ido ba.

A shekarar na ba wani mai awon gyaɗa na kamfanin Nasara haya, ɗan boko ne daga Damagaram, kowa Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya ɗaya ce. Yana gaishe ni, yana yi wa yarana alheri. Ya zo da matarsa da tsohon ciki, a gidana ta haihu, kuma da yake uwarta na nesa, ni na riƙa dafa mata ruwan wankan jego. Abin da ya dame shi ɗaya ne: manoma suna zuwa gaishe shi, wani da kaza, wani da zabo a hammata, kuma duk sai sun bi ta gabana.

Wata rana ya durƙusa ya ce, "Inna, da za ki yarda da na buɗe 'yar ƙofa ta wajen hanya. Baƙina suna damun ki."

Na ce, "Ba su dame ni ba, ɗan nan. Ni ma gaisuwa nake samu a banza."

Ya yi dariya ya ce shi zai biya magini, har ƙyauren kwano zai sa, gidana ya ƙara daraja. Na ce masa a'a, ban kuma ƙara ba.

Ina da dalilina. A lokacin Nasara sun soma yanka tituna daga wajen bariki suna gangarowa. Masu awon filin nan ba sa tambayar wa ya gina, wa ya gada. Ƙofa suke bi. Duk ƙofar da ta fuskanci hanya gida ce a wurinsu, su kafa turke, su tambayi wanda ke ciki, shi ke nan ya zama mai gida a idon kumandan, Baturen da ke mulkin gari. Wata ƙawata ta bar ɗan hayarta ya huda ƙofa don a zauna lafiya, rabin gidan ubanta ya tafi tana kallo. Ban ce Mushe da wannan niyya ya zo ba, Allah ne ya san zuciya. Amma turke ba ruwansa da niyya.

Sai aka yi mana rasuwa a Waca, na tafi gaisuwa, na bar wa maƙwabciyata yara da mai jego. Da na dawo, tun daga kan kwana na hangi tulin ƙasa a gindin bangona. Na matso, sai ga rami tsawon mutum, ana hango gadon mai jego daga kan hanya, an rataya wani buhu ya rufe rabi. Ƙyauren bai iso ba tukuna, wai yana wajen maƙeri. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba, ko kayana ban sauke ba na wuce gidan mai unguwa.

Mai unguwa ya saurare ni yana sosa gemu, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Abin da aka riga aka huda ai an huda. Mutumin nan babba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babba ne a bakin ma'auni. A gidana ɗan haya ne."

Ya kawar da kai. Na gane. Gyaɗarsa tana cikin buhu tana jiran awo, haka ta kowa a unguwar. Magina ma duk wanda na je wurinsa sai ya ce bayansa na ciwo. Ban taɓa ganin shekarar da ciwon baya ya kama magina kamar wannan ba. Wasu suka ce in kore shi kawai, ga masu neman ɗaki har da roƙo. Amma ina zan kori mai jego da ɗanyen jiki, a garin da ko rumfa babu? Ba fitarsu nake so ba, bangona nake so.

Da gari ya waye na ɗaura zane a ƙugu, na tattara ƙasar da suka zubar, na zuba ruwa da ƙaiƙayi, na shiga da ƙafata ina cuɗawa. A kan hanya, ranar kasuwa, kowa na gani. Mace dai an san ta da daɓen ɗaki, amma gini na maza ne, ba a taɓa gani ba. Nan da nan aka taru. Wani ɗan dako ya ce, "Iya, in kin gama ki zo ki yi mini rumbu!" Na ce, "Ka fara samun abin zubawa a ciki." Aka kwashe da dariya, ya sulale.

Ban san aikin ba, sai zafin zuciya. Na yi ta ɗora laka bisa laka ina so in rufe ramin kafin Mushe ya taso daga wurin awo. Na kai kusan ƙirji, sai kawai abin ya yi ciki ya zube mini a ƙafa. Dariyar da aka yi a ranar har yanzu ina jin ta. Wani tsohon magini, cikin masu ciwon bayan nan, ya zo wucewa, bai tsaya ba, bai dube ni ba, kamar da jakinsa yake magana ya ce, "Ƙasa ba ta son gaggawa. A ɗora kaɗan, ta sha iska, gobe a ƙara." Na riƙe wannan. Na kwashe lakar na sake daga tushe.

Mushe ya dawo ya tarar da ni cikin taɓo har gwiwa. Ya ce, "Inna, mene ne haka? Kina so ki kunyata ni a gari?"

Na ce, "Ni ce cikin laka, kai kana cikin farar riga. Wa aka kunyata?"

Ya ce zai kai ni bariki. Na ce ya gaida kumandan, ya kuma gaya masa bangon wa aka huda ba da izini ba. Ya ce gobe zai sa a rushe. Na ce jibi zan sake ɗorawa, ƙasa ba ta ƙare a Magariya ba. Daga nan na ɗauko tabarmata da abin kaɗina na dawo gindin ramin. Nan nake wuni ina gadin lakata tana bushewa, rana na dukana, ƙura na shiga mini ido. Hannuwana suka tsattsage. Cikina kuwa fal tsoro, kada ku ce babu. Na san in ya kira gardi, 'yan sandan kumandan, ni da tabarmar za a kwashe.

Abin da ya raba gardamar ban yi tsammaninsa ba. Ina cikin cuɗa ƙasar sahu na gaba ruwana ya ƙare, sai na ga an ɗaga buhun nan daga ciki. Mai jego ce, da ƙwarya a hannu, ta miƙo mini sauran ruwan wankanta, da ɗuminsa. Mijinta na tsaye a gefe. Yarinyar da ko sunansa ba ta faɗa, ta dubi ƙasa ta ce, "Inna, ki ɗora da sauri. Tun da aka huda nan, ko nono ba na iya ba yaron nan sai na juya baya. Duk mai wucewa sai ya leƙo."

Mushe da ya yi ta lissafin ta inda baƙinsa za su shigo, bai tuna ƙofar da ba zaure a gabanta tsirara ce ba. Ya dubi hanya, ya ga 'yan dako zaune a kan buhuna suna fuskantar ɗakin matarsa. Sai ya shige ciki. Can sai ga tsohon maginin nan ya zo da kayan aikinsa, bayansa ya warke sarai, ya ce Mushe ne ya aiko shi. Na ce ya tsaya daga gefe ya riƙa gaya mini, ni zan ƙarasa abina. Haka aka yi. Bangon ya karkace kaɗan, amma ya tsaya.

Ni ma ban tsaya a kan taurin kai ba. Na sa aka kafa zana daga cikin zaure zuwa ɗakin Mushe, baƙinsa su bi ta nan da kajinsu ba sai sun ratsa ta gabana ba. Ƙofar waje dai ɗaya. Ya ƙara kaka biyu a gidana lafiya lau. Da masu turke suka iso unguwarmu, ƙofa ɗaya suka tarar, ni kuma suka tarar a bakinta. A gidan nan yarana suka girma, a cikinsa nake zaune yau.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk mai ba da haya: ka ba ɗan haya ɗaki, ka ba shi ruwa, ka rufa masa asiri kamar naka, amma ƙofa ta mai gida ce. In kuma kowa ya noƙe a kan haƙƙinka, kada ka zauna jiran mai taimako. Ka sa hannunka a laka da rana tsaka, masu dariya su yi ta yi.