Kukan da Eilert Bai Amsa Ba

A tsibirinmu na gaɓar Helgeland kowa ya san Eilert Jentoftsen da halinsa guda. Tsuntsun teku ya yi ƙara cikin hazo, Eilert ya tura kwale-kwale. Iska ta yi fito tsakanin duwatsu, Eilert ya tura kwale-kwale. Shekara talatin da 'yan kai yana wannan wahala, bai taɓa dawowa da komai ba sai mura. Masunta kan tare shi a bakin ruwa da tsiya: "Eilert, yau kuma wa aka ceto? Agwagwa ce ko mijinta?" Sai ya yi yaƙe, ya ja kwale-kwalensa kan tudu.

Ba haka ya taso ba. Ya taso kamar kowane ɗan tsibiri, da tsoron draug a ƙirji. Kakarsu ce ta cusa musu, shi da wansa Hartvig. Draug fatalwar wanda teku ya cinye ne, ba a binne shi a harabar coci ba. Rabin jirgi yake tuƙawa, inda kai ya kamata ya kasance kuwa sai tulin ciyawar teku. Idan ya yi kuka sai ka rantse mutum ne ke neman agaji. Dokar ɗaya ce: kada ka amsa, kada ka nufi wajen, don wanda ya amsa shi ne na gaba. Da wannan aka yaye mu duka, har da masu cika baki a ranar Lahadi cewa su ba su yarda da tatsuniya ba.

Eilert na da shekara ashirin da uku ƙugiya ta huda masa tafin hannu, wurin ya kumbura. Da safen da za a fita kamun kifi Hartvig ya dubi hannun ya ce, "Zauna gida, ɗan gata. Da wannan hannun ko cokali ba ka riƙewa, balle igiya."

"To wa zai riƙa tashinka in ka fara gyangyaɗi?"

"Warin kifi ya ishe ni. Ka gyara mana koma kafin mu dawo, ban da kwanciya."

Hartvig ya fita da maƙwabta biyu. Da hantsi iska ta taso da ƙarfi, ta yi abin da za ta yi, ta kwanta. Hazo ya biyo baya ya rufe teku ruf. Wajen tsakar rana Eilert na zaune a ƙofar rumfar jirage yana ɗinkin koma, sai ya ji kukan. Daga bayan baƙin dutsen da ke bakin mashigi yake fitowa, dogo, a shaƙe, ya ɗauke ya sake dawowa. Ƙaramin kwale-kwale na nan gabansa, ruwa ya lafa, kuma ko da ciwon hannu rabin awa ta kai shi wurin. Ya jefar da komar, ya shige rumfa, ya toshe kunnuwansa. Duk sanda ya sassauta hannu sai ya ji ana nan ana yi. Sai da rana ta karkata kukan ya ɗauke.

Washegari igiyar ruwa ta turo jirgin Hartvig gaɓa, a kife. Duk ɗan masunci ya san abin da ake yi idan jirgi ya kife: a hau bayansa, kowa ya zare wuƙar ƙugunsa ya caka a katako, ya riƙe ƙotar har sai an zo ko sanyi ya kashe yatsu. Shi ya sa in jirgi ya iso gaɓa ba a tambayar mutum nawa, wuƙaƙe ake ƙirgawa. Uku aka samu. Ta tsakiya ƙotarta naɗe da jan zare, irin naɗin da Oline matar Hartvig ke yi masa. Katakon wurin duk ya tsattsage, alamar wuƙar ta yi ta kuɓucewa ana sake cakawa. Eilert ya tsaya yana kallon tsagar, kukan da ya ji jiya kuwa ya bar shi a cikinsa.

Daga ranar ya ɗauki gidan wansa a ka. Kifi, dankali, gyaran rufi, yankan ciyawar saniya, duk shi. 'Yan matan Hartvig biyu a gabansa suka girma har suka yi aure. Shi bai yi ba. Ɗakinsa na can gefen rumfar jirage, amma abincinsa a teburin Oline yake, kujerarsa kusa da murhu, kuma ban da wannan kujera ba shi da inda zai kira gida a duniya. Jama'a na ta sa masa albarka, wai samun ƙanin miji irinsa sai an tona. Kowane yabo kamar gishiri yake a kan ciwon.

Wata shekara aka kawo mana wani malamin makaranta daga birni, mai tabarau da yawan sani. A bakin shago ya tsaya yana wayar mana da kai, wai kukan draug ba komai ba ne illa tsuntsu ko dabbar ruwa. Aka yi dariya, wasu suka waiwayi Eilert. Shi kuwa da ba ya magana a taro, ran nan ya yi.

"Malam, ka taɓa ganin jirgin da dutse ya raba biyu? Rabin jirgin ke nan. Ka taɓa ganin gawar da ta yi wata a ruwa, ciyawa ta naɗe mata fuska? Kan ke nan. Kukan kuwa, bar tsuntsaye su huta. Kakanninmu sun ji mutanensu na kira a ranar da fita halaka ce, suka kasa fita, suka kasa zama da abin, sai suka ce dodo ne. Su suna da uzuri. Mu muka gaji dodon, muka bar uzurin."

Malamin ya gyara tabarau, aka watse ba dariya.

Tsufa ya zo masa da tari mai jini. Ya ga ba zai shiga ƙasa da maganar a ciki ba, amma tsoro ya hana shi sakat. In Oline ta ji, da wane ido za ta dube shi? Ya gwammace mutuwa da ta nuna masa ƙofa. Sau uku yana ɗaura niyya yana kwancewa.

Wata la'asar ya same ta tana feraye dankali, tukunyar kofi na kan murhu.

"Ka zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar sandar shanya kifi," in ji ta.

"Oline, akwai maganar da zan faɗa miki. In kin ji, kina iya cewa kada in sake tako gidan nan."

"Tsofai-tsofai da kai, aure za ka yi?"

"Ranar da Hartvig ya tafi, na ji su. Tun tsakar rana suke kira daga bayan dutse. Kwale-kwale na gabana, ruwa a kwance. Na ɗauka draug ne, na shiga rumfa na toshe kunne."

Hannunta ya tsaya a kan dankalin. Eilert ya dafa tebur, yana jiran hukunci.

"Ni ma na ji su, ina shanya kaya a bayan gida lokacin," ta ce a hankali. "Na kwashi yara na shige, na sa sakata. Na yi ta rera musu waƙar coci da ƙarfi don kada su ji, har muryata ta dishe. Ta taga na hango ka kana shiga rumfa. Ka san abin da na ce? Na ce Allah na gode, yaron nan yana da hankali, bai fita ba."

"Oline..."

"Shekara talatin da huɗu kana cin abinci a teburin nan, kullum ina jiran ranar da za ka tambaye ni abin da ya hana ni zuwa in tura ka."

Eilert ya zame ya zauna. Kofin ya tafasa ya zube a kan murhu, babu wanda ya tashi ya sauke shi.