Ƙailular Baffa a Gindin Tsamiya

Ranar Talata a ajinmu na yaƙi da jahilci gyangyaɗi ya kwashe ni, har fensir ya suɓuce daga hannuna. Malama ta ce, "Baba, haruffan jiya ma duk sun gudu. Anya kana samun barci kuwa?" 'Yan aji suka yi dariya, ni kuwa sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni.

Baffa ba ya wasa da ƙailula. Wata damina muna shukar gero a gonarsa ta Dagumawa, ƙasa na ƙamshin ruwan farko. Da rana ta take, sai ya ajiye sungumi, ya miƙe a gindin tsamiya, ya rufe fuska da hula.

Na ce, "Baffa, maƙwabta fa sun kusa gamawa."

Ya ce, "Su gama. In ka jefa iri ba ka rufe shi ba, na wane ne?"

Na ce, "Na tsuntsaye."

"To haka kan mutum yake. Abin da ya shiga da rana, barci ne ke rufe shi. Kwanta, sarkin gaggawa."

Ba mai tashinsa. Inuwa na karkatawa yake farkawa, ya ce jiki ya san lokacinsa in ba a ruɗa shi ba.

Yau ga ni da furfura, faɗi-tashin kasuwa ya ruɗa nawa jikin, ina koyo ina mantawa. Na so a ce ya ji ni na karanta ko layi guda ne.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya tashe shi cikin rahama.